Gara Kurkuku da Ɗakin Miji

A watan Maris na 1887 wani alƙali Bature mai suna Farran ya zauna a Babbar Kotun Bambai, birnin da yau ake kira Mumbai, ya ba wata mata 'yar shekara 22 zaɓi biyu. Ko dai ta tattara kayanta ta tare a gidan mijinta cikin wata guda, ko kuwa ta sha ɗaurin wata shida. Matar, sunanta Rukhmabai, ta ce ba inda za ta. In kurkukun ne, ta ji ta gani.

Ba sata ta yi ba, ba ta daki kowa ba. Ba ma za a ce yaji ta yi ba, domin mai yaji sai ta zauna a ɗakin miji tukuna kafin ta fice. Ita kuwa tun ranar da aka ɗaura mata aure tana 'yar shekara 11 ba ta taɓa tarewa ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan igiya na wuyanta, tana zaune a gaban uwarta. Abin da mijin ya kawo gaban alƙali biko ne, amma bikon matar da ba ta taɓa shiga gidansa a matsayin amarya ba.

An haifi Rukhmabai ranar 22 ga Nuwamba, 1864, a Bambai, a gidan kafintoci. A Indiya ana haihuwar mutum ne cikin rukunin sana'ar kakanninsa, kamar yadda muke da gidan maƙera da gidan wanzamai, sai dai nasu ya fi namu tsauri nesa ba kusa ba, don rukunin ne ke faɗa maka wanda za ka aura da wanda za ka ci abinci da shi. A wajen Brahmin, wato gidan malaman addinin Hindu, matar da mijinta ya mutu ta gama aure ke nan har abada. Kafintoci ba su ɗauki wannan da zafi ba. Shi ya sa da mahaifin Rukhmabai ya rasu tana ƙarama, uwarta Jayantibai ta yi 'yan shekarunta, sannan ta sake aure. Dukiyar da marigayin ya bari kuwa ta koma hannun 'yar. A riƙe wannan batu na dukiya, za mu sake cin karo da shi.

Sabon mijin, Dokta Sakharam Arjun, likita ne sananne, malamin ilimin tsirrai a kwalejin likitanci ta Grant, yana kuma cikin 'yan bokon da ke kiran a gyara al'adu. Amma duk bokonsa, a gidansa aka aurar da agolarsa tana 'yar shekara 11, kuma ɗan'uwansa aka ba, wani saurayi ɗan shekara 19 mai suna Dadaji Bhikaji, wanda ba shi da ko sisi. Lissafin da aka yi shi ne yaron ya zauna ƙarƙashin kulawar surukansa, a sa shi makaranta, a yi masa tarbiyya har ya zama mutum, kafin nan yarinyar ta girma. Irin lissafin nan ne da iyaye kan yi su ga ya fita daidai, sun manta ba su tambayi ko ɗaya daga cikin yaran ba.

Wata shida da ɗaurin aure yarinyar ta balaga. Bisa al'ada, a nan ne ake yin wani biki da suke kira garbhadhan, daga shi sai a haɗa ango da amarya. Likitan ya ce a'a. Ya san abin da ɗaukar ciki ke yi wa jikin 'yar shekara 11, ya ga irinsa a asibiti. Dadaji bai ji daɗin haka ba, ga shi kuma karatun bai shige shi ba. Da mahaifiyarsa ta rasu sai ya koma gidan kawunsa Narayan Dhurmaji, duk da likitan ya hana. Can ya watsar da makaranta, zaman banza ya kama shi, bashi ya hau kansa.

Ita kuwa tana gida tana karatu. An cire ta daga makaranta kamar yadda ake yi wa duk yarinyar da aka aurar, sai ta riƙa aro littattafai daga ɗakin karatu na 'yan mishan, ta koya wa kanta Turanci. Tana bin uwarta zuwa tarukan ƙungiyoyin masu neman gyara, irin su Prarthana Samaj da Arya Mahila Samaj, tana sauraron manya. Shekara na bin shekara, tazarar da ke tsakaninta da mutumin da aka ce mijinta ne tana ƙara faɗi, har ya zama ba abin da ya haɗa su sai igiyar.

A watan Maris na 1884 Dadaji ya sa lauyoyinsa suka rubuta wa likitan takarda cewa ya sakar masa matarsa. Ya aika danginsa su ɗauko ta, ta ƙi binsu. Dalilan da aka bayar a madadinta uku ne: ba shi da gida ko abin da zai riƙe ta da shi, ba shi da lafiya don yana fama da asma da alamun tarin fuka, sannan gidan kawun da yake son kai ta ba gidan mutunci ba ne. Sai ya shigar da ƙara.

A nan ne labarin ya ɗauki wani salo da ya sa nake ganin ya cancanci a ba da shi. Tun 1772, zamanin Warren Hastings, Turawa suka tsara cewa a harkar aure da gado da addini, Musulmin Indiya za a yi masa hukunci da shari'arsa, ɗan Hindu kuma da littattafansa. Bayan babban boren 1857, wanda ya kusa raba su da ƙasar, Sarauniya Biktoriya ta yi shela a 1858 cewa gwamnati ba za ta sa hannu a addinin kowa ba. Da jin wannan za ka ce an bar wa al'ada filinta. Amma wa ke zaune a kujerar alƙali? Bature. Da me yake hukunci? Da fassarar tsofaffin littattafan Sanskrit waɗanda Brahmin suka rubuta, suka kuma yi wa sharhi. Kafinta da manomi da masunci, waɗanda al'adarsu ta yau da kullum ta fi sassauci, sai suka wayi gari ana auna su da mudun malamai. A da, idan mace ta ƙi miji, dattawan rukuninsu ne ke zama. Su yi lallashi, su yi faɗa, su ci tara, in abin ya ƙi su daina hulɗa da gidan. Wannan ma ba ƙaramin horo ba ne, amma dattawa ba su da gidan yari, ba su da ɗan sanda.

Ƙarar da Dadaji ya shigar kuwa, ko a littattafan Brahmin ɗin ba a san ta ba. Daga kotunan cocin Ingila ta fito. A can, idan miji ko mata ya ƙaurace wa ɗan'uwansa ba dalili, wanda aka bari yana iya neman kotu ta maido masa da haƙƙin zaman aure, wanda ya ƙi kuma a ɗaure shi. Turawa suka zo da abinsu Indiya cikin jaka, ya samu gindin zama a 1867 ta wata shari'ar ma'aurata Musulmi da ta kai har Landan, daga baya aka rubuta ɗaurin a dokar tafiyar da shari'u. Ga kuma inda abin ya fi ban dariya, in da na dariya ne. A Ingila wata mata mai suna Georgina Weldon ta yi ƙarar mijinta a kan ya dawo su zauna, ta ci nasara, ya ƙi, ta nemi a ɗaure shi. Da aka ga namiji ne zai shiga kurkuku, majalisar dokoki ta yi maza ta soke ɗaurin. A wace shekara? A 1884, shekarar da Dadaji ya kai tasa ƙarar. Sandar da masu ita suka jefar a gida, ita ce aka bari a hannun mazajen Indiya.

Ana cikin jiran ranar shari'a Dokta Sakharam ya rasu, a watan Afrilun 1885. Bangon da take jingina da shi ya faɗi. Wata biyu bayan haka, a ƙarshen Yuni, jaridar Times of India ta buga wata doguwar wasiƙa a kan auren ƙuruciya, mai ɗauke da sa hannun wadda ta kira kanta wata 'yar Hindu kawai. Marubuciyar ba ta tsaya kawo hujjojin malamai ba, kanta ta ba da misali. Ta ce wannan al'ada ta rushe mata jin daɗin rayuwa, ta shiga tsakaninta da abin da ta fi so a duniya, wato karatu, kuma ba tare da ta yi laifin komai ba an yanke mata hukuncin zaman kulle. Garin ya ɗauka. Wasu suka rantse namiji ne ya rubuta, wai ina mace 'yar Hindu za ta iya irin wannan Turanci. A watan Satumba wasiƙa ta biyu ta fito, a kan matan da ake hana aure bayan mutuwar miji, cikinsu har da yaran da suka zama zawarawa tun ba su san an yi musu aure ba. Rukhmabai ce ke rubutawa.

Ranar 21 ga Satumba, 1885, Mai Shari'a Robert Hill Pinhey ya yanke hukunci. Ya saurari ɓangaren miji, bai ma ga bukatar lauyoyin matar su wahalar da kansu ba. Ya ce kalmar ita ce maidowa, to me za a maido? Ana maido da abin da aka taɓa samu ne ya kuɓuce, waɗannan kuwa ba su taɓa zama tare ba. Ya ce dokar ta Ingila an yi ta ne don manya biyu da suka yi aure da yardarsu, kuma bai ga tushenta a shari'ar Hindu ba, saboda haka ba zai faɗaɗa ta ba. Sannan ya faɗi abin da ya tayar da ƙura: cewa dabbanci ne da zalunci da abin ƙyama a tilasta wa budurwar da aka aurar tun ba ta san komai ba ta je wurin mutumin da ba ta so, don ya sadu da ita ba da son ranta ba. Ya kori ƙarar. Ba a daɗe ba ya yi ritaya ya koma ƙasarsu, ya bar wutar tana ci.

Jaridun masu ra'ayin riƙau suka yi masa ca. Hujjarsu ba ta wasa ba ce, kuma duk mai adalci sai ya saurare ta. A addinin Hindu, in ji su, aure ba ciniki ba ne da za a ce sai an ji ta bakin mai saye da mai sayarwa. Ibada ce. Uba ya ba da 'yarsa, an kunna wuta, an yi taku bakwai, magana ta ƙare. Idan aka ce sai da yardar yarinya aure ke ƙulluwa, to kusan duk auren da ke ƙasar ya zama abin shakka, don akasarinsu haka aka ɗaura su. Wace mata ce ba za ta iya tashi gobe ta ce ba a tambaye ta ba? Kuma wa ya ba baƙo, wanda ya ci ƙasa da bindiga, ikon shiga har cikin ɗaki? An ƙwace sarauta, an ƙwace kasuwa, an ƙwace kotu, gida ne kaɗai ya rage.

Babban mai wannan magana shi ne Bal Gangadhar Tilak na Pune, mai jaridun Kesari da Mahratta, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin jagororin neman 'yancin Indiya, ya sha ɗauri a hannun Turawa ba sau ɗaya ba. Ya rubuta cewa taurin kan Rukhmabai sakamakon karatun boko ne, kuma addini na cikin haɗari. Ina girmama Tilak a kan abubuwa da yawa, amma a nan ya yi tuya ya manta da albasa. Mutumin da ke cewa kada Bature ya taɓa al'adarmu, shi ne kuma ke neman alƙalin Bature ya ɗauki dokar cocin Ingila ya tura 'yar Hindu kurkukun Bature. Da a ce da gaske ake so gwamnati ta tsame hannunta, ai abin da Pinhey ya yi ke nan: ya ce wannan ba hurumina ba ne, ku koma gida ku sasanta. Ashe ba tsame hannun ake so ba. Ana son hannun, amma ya faɗo ta gefen miji.

A ɗaya ɓangaren akwai Behramji Malabari, ɗan jarida, wanda tun 1884 yake yaƙi da auren ƙuruciya. Shi matsalarsa ɗaya: Farsi ne, ba ɗan Hindu ba, don haka kullum amsar da ake ba shi ita ce ina ruwanka. Wadda ba a iya ce wa haka ita ce Pandita Ramabai, 'yar gidan Brahmin, masaniyar Sanskrit, bazawara kuma. Ita gwamnatin ta fuskanta. Ta ce ku ne kuke cewa a ilmantar da mata, a 'yanta su, amma ranar da ɗaya ta ilmantu ta ƙi zama baiwa, ku ne kuka zo da dokarku ku ɗaure ta.

Dadaji ya ɗaukaka ƙara. A 1886 Babban Joji Sir Charles Sargent da Mai Shari'a Bayley suka rushe hukuncin Pinhey. Suka ce a shari'ar Hindu aure ya cika tun ranar da aka ɗaura, ko an tare ko ba a tare ba, ko da yarda ko babu, kuma kotunan Indiya sun daɗe suna karɓar irin wannan ƙara. Suka mai da shari'ar ƙasa a sake ji. Ta haka ta faɗo gaban Farran, wanda bai ga wata ƙofa ba sai ta ba da umarnin tarewa.

Mai karatu Musulmi zai ce, to me ya hana ta mayar masa da sadakinsa ta nemi khul'i? Babu wannan ƙofar. A shari'ar Hindu da kotunan suke bi, ba saki sam. Namiji na iya ƙara aure, mace kuwa tana nan daram a matsayin matarsa har mutuwa. Zaɓin da ke gabanta biyun nan ne da alƙali ya faɗa, ba na uku.

Da ta zaɓi kurkuku sai gwamnati ta shiga tsaka-mai-wuya. Shekarar 1887 ce Sarauniya Biktoriya ke cika shekara 50 a kan gado, ana ta shagali a duk faɗin daular, ana yabon mulkin da ya kawo wa duniya wayewa. A ce a wannan shekarar an ɗaure mace mai ilimi da sunan Sarauniya don ta ƙi shiga ɗakin wanda ba ta so? Jaridun Landan sun riga sun ɗauki labarin. Max Müller, Bajamushen nan masanin Sanskrit da ke Oxford, ya rubuta cewa ilimin da ta samu ya sa ita ce ta fi kowa sanin abin da ya dace da ita. An kafa kwamitin kare ta a Bambai, ana tara kuɗi. A watan Afrilu jaridar Times ta Landan ta buga wata wasiƙarta, inda ta roƙi Sarauniya abu ɗaya: a ƙara jimla guda a littafin doka, cewa auren da aka ɗaura kafin namiji ya kai 20, mace ta kai 15, kotu ba za ta amince da shi ba in an kawo gabanta. A lura da wayon da ke cikin roƙon. Ba ta ce a hana auren ba, ba ta ce a kama uban kowa ba. Cewa ta yi kotu ta daina ba shi aron ƙarfinta.

Ba a yi mata haka ba. Gwamnatin Lord Dufferin ta aika wa larduna takardu tana neman shawara ko a cire ɗaurin daga doka, amsoshi suka dawo kowa da tasa, aka ajiye maganar. Har yau za ka ji ana cewa Sarauniya ce ta sa hannu ta raba auren. Labari ne mai daɗin ji, irin wanda ya dace da ƙarshen fim ɗin Indiya, amma ba haka aka yi ba. Kuɗi ne ya kashe maganar. A watan Yulin 1888 Dadaji ya karɓi rupi 2,000, ya yarda ba zai nemi a zartar da hukuncin ba. Shi da kansa ya taɓa fitar da ƙasida yana cewa rigimar duk ta dukiya ce, wai dangin matar ne ba sa son abin da ta gada ya bar hannunsu. Ita kuma ta mayar masa da martani cewa shi ne idonsa ke kan dukiyar. Ko wane ne mai gaskiya, rupi 2,000 sun ishe shi haƙura da ibadar da aka ce ba ta da farashi. Shekara na zagayowa ya auri wata.

Abin da shari'ar Rukhmabai ta kasa motsawa, gawar wata yarinya ce ta motsa shi. A 1890 aka gurfanar da wani magidanci, Hari Mohan Maiti, a Kalkata. Matarsa Phulmoni ba ta cika shekara 12 ba, shi kuwa ya ninka ta wajen sau uku. Ya sadu da ita, jini ya ɓalle, ta mutu. Ba a iya kama shi da laifin fyaɗe ba, domin kundin laifuffuka na 1860 ya ce matarka in ta kai shekara 10 ba a kiran abin da ka yi mata fyaɗe, ita kuwa ta haura 10. Da laifin jikkata ta ta hanyar ganganci aka same shi, aka ba shi wata 12 da aiki mai tsanani. Likitoci mata da ke aiki a Indiya suka haɗa takarda zuwa ga gwamnati, suka jera irin raunukan da suke gani a jikin ƙananan amare. A watan Maris na 1891 aka ɗaga shekarun daga 10 zuwa 12. Shekara biyu kacal, kuma ba a taɓa ɗaurin auren ba, saduwar kawai aka ce a jinkirta. Duk da haka sai da dubban mutane suka yi gangami a Kalkata, Tilak na gaba-gaba wajen adawa daga Pune, da hujjar cewa yarinya na iya balaga kafin 12, kuma jinkirta bikin garbhadhan saɓo ne. Sai a 1929, da dokar da Harbilas Sarda ya kawo, aka sa wa auren kansa iyaka, 14 ga mace, 18 ga namiji. A 1978 aka mai da shi 18 da 21.

Wannan kundi na 1860 ba baƙonmu ba ne, ko da yake ba kowa ya san dangantakar ba. Shi Turawa suka kwaikwaya suka yi wa Sudan nata, daga na Sudan ɗin kuma aka tsara kundin laifuffuka na Arewacin Nijeriya da ya fara aiki a 1960. Sashe na 282 na namu ya ɗauko wancan togaciyar ta miji da mata, sai dai maimakon ya ambaci shekaru, balaga ya sa a matsayin iyaka. Rabon aikin ma iri ɗaya ne: tsarin mulkin 1999 ya ba majalisar tarayya iko a kan aure, amma ya cire auren Musulunci da na gargajiya, shi ya sa dokar haƙƙin yara ta 2003 da ta ce 18 sai da ta bi jihohi ɗaya bayan ɗaya tana neman shiga. Addininmu daban, hukunce-hukuncenmu daban, amma magini ɗaya ne ya zana gidajen biyu.

Mu koma ga mai labarin. Wata likita Baturiya, Edith Pechey, shugabar asibitin mata na Cama a Bambai, ta tsaya mata, aka tara kuɗi, a 1889 ta shiga jirgin ruwa zuwa Ingila. Ta shiga makarantar koyon likitanci ta mata da ke Landan, ta yi aikin koyo a asibitin Royal Free, ta kammala a 1894. Shekara guda bayan haka ta dawo gida ta zama babbar likitar asibitin mata na Surat, tana cikin matan Indiya na farko-farko da suka yi aikin likita irin na zamani. Ta shafe sama da shekara ashirin a can, sannan ta koma asibitin mata na Rajkot har ta yi ritaya wajen 1929. Masu zuwa wurinta mata ne da ba za su yarda namiji ya duba su ba ko da za su mutu, da yawansu kuma an aurar da su a shekarun da aka aurar da ita.

Ba ta sake aure ba, ba ta da ikon yi ma, don yarjejeniyar 1888 ba saki ba ce. A idon doka da na al'ada tana nan matar Dadaji. A 1904 labari ya iso mata cewa ya mutu. Likitar da ta ƙi shi a gaban alƙalai huɗu, ta ƙi shi a jaridun nahiya biyu, sai ta ajiye tufafinta masu launi ta ɗaura farin sari, kayan takabar matan Hindu, wanda su ba sa cirewa bayan wata huɗu da kwana goma. Mutane sun yi ta fassara wannan. Wasu sun ce al'adar ce ta ci ta daga ƙarshe. Ni dai ina ganin ba ta taɓa cewa ta fita daga cikin mutanenta ba. Tun a wasiƙarta ta farko, sunan da ta zaɓa wa kanta 'yar Hindu ne. Ɗakin mutum ɗaya ta ƙi shiga.

Ta rasu ranar 25 ga Satumba, 1955, tana da shekara 90. Wata huɗu kafin nan majalisar Indiya mai 'yancin kai ta zartar da dokar auren Hindu, wadda ta buɗe wa matan Hindu na duk ƙasar ƙofar neman saki a kotu. A cikin dokar, sashe na 9 ya tanadi ƙarar maido da haƙƙin zaman aure, ita dai wadda Dadaji ya shigar, sai dai yanzu ba ɗauri. Ingila ta soke tata gaba ɗaya a 1970. A 1983 wani alƙalin Babbar Kotun Andhra Pradesh ya ce sashen ya saɓa wa tsarin mulki, da kalmomi masu kama da na Pinhey. Kotun Ƙolin Indiya ta ce a'a, sashen na nan, a 1984, shekara ɗari cif da shekarar da lauyoyin Dadaji suka aika takardarsu gidan likita.